Na tsinci ludayin ƙanwata a gangar ɗana

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa na wannan gida, da fatan kun wuni lafiya, ya iyali, ya aka ji da hidima. Admin a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canja su. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon bayani, a ajin yaƙi da jahilci na koyi rubutu, a hankali nake tafiya.

Muna zaune a Unguwar Tudu ta Gwarzo. Ɗana na fari, Abba muke ce masa a gida, ya koyo zubin alminiyam a Kano, ya dawo ya kafa 'yar rumfa a bayan ɗakina, yana zuba cokula da ludaya da hannun tukunya da ƙananan kayan babur. Duk abin da aka zuba a yashi da kaifi yake fitowa a gefe, a da ɗai-ɗai yake bin su da magagari har yatsunsa su tsattsage. Daga baya ya haɗa wata ganga ta roba da ke juyawa da bel, a zuba kayan a ciki da tsakuwar rafi da ruwa da ɗan omo, ta wuni tana juyi, tsakuwa ta cinye kaifin. In an fitar sai a sake juya su a bushe da dakakkiyar totuwar masara, su fito suna sheƙi kamar na kanti. Ni nake daka totuwar, ni nake tace tsakuwa da rariya in ɗauraye kayan in shanya, don haka babu abin da ke shiga gangar nan bai bi ta hannuna ba.

Injin da ke juya gangar ƙanin mijina ne ya ba shi kyauta, Baffa Sule, wanda ke yawon kasuwanni tsakanin Gwarzo da Kabo. Mun gode masa ƙwarai a lokacin. To bayan sallah sai ya fara kawo nasa kayan a buhu, tsofaffin cokula da ludaya da kofuna, wai a wurin 'yan gwangwan yake saye, a wanke masa ya sayar. Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne, tsohon cokali ai ba shi da kaifi, baki da hannu sun riga sun cinye, totuwa kaɗai ta ishe shi ya yi haske. Abba da kansa ya gaya masa haka, ya ce Baffa tsakuwa za ta sirantar da su a banza. Shi kuwa ya kafe sai an sa manyan tsakuwa, kuma a bar su su daɗe. Sannan bai taɓa shigowa da buhun ta zaure ba, kullum ta ƙofar garke. Da na tambaye shi cikin wasa wane ɗan gwangwan ne wannan mai kaya masu kyau haka, dariya ya yi, ya ce, "Matar Yaya, yaushe kika shiga aikin kwastan? Ki ji da miyarki." Muna wasa da shi dama, sai na yi dariya ni ma, amma raina bai kwanta ba.

Mata kun san al'adarmu, kowace tana yi wa kayanta shaida saboda ranar biki da suna, wata jan farce, wata fenti, wata ta karce da ƙusa. In na tace ruwan kayan Abba toka-toka yake fitowa. In na tace na Baffa sai in ga ɓurɓushin ja da kore sun maƙale a rariya. Na dinga gaya wa kaina ai kayan gwangwan ma daga gidajen mutane suka fito, ba abin mamaki ba ne.

Sai ga ƙanwata Talatu da ke aure a Masanawa ta kira ni tana kuka. Ita kayan biki take bayarwa haya, da su take riƙe da yaranta, an ɓalle mata ɗakin ajiya ranar da suka tafi ta'aziyya an kwashe. Ta ce 'yan sintirin garinsu sun rantse duk wanda aka ga kayan a hannunsa shi ne ɓarawon, ba za su saurari wani saye na yi ba.

Ba a daɗe ba Baffa ya kawo sabon buhu. Abba ya juya su, wutar lantarki ta ɗauke, aiki bai ƙarasa ba, ya ce Inna a fitar a ɗauraye kada su yi baƙi a ruwa. Ina ɗauraya hannuna ya kai kan wani ludayi, na juya bayan mariƙinsa na ga kara uku, na ƙarshen ya goce ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Ni na yi wannan shaidar da hannuna, lokacin da muke haɗa wa Talatu kayan aure, ƙusar ta zame mini, har tana tsokanata wai Yaya ko kara ba ki iya ja ba. Tsakuwa ta riga ta ci rabinta, sai ka karkata shi a rana za ka gani. Na duba sauran, babu abin da ya rage a jikinsu. Na ɗauke ludayin na cusa a ƙasan buhun gero.

Na nuna wa Abba, ya ce Inna mata nawa ne ke jan kara uku, kuma ko nata ne, ƙila ɓarawon ya sayar wa 'yan gwangwan Baffa ya saya bai sani ba. Na ce to me ya sa Baffa yake nacin tsakuwa? Na ce ya daina karɓar aikinsa, ya ce da wane ido zai kalli mutumin da ya ba shi inji ya ce masa a'a. Malam kuwa, mijina, ko gama magana bai bari na yi ba, ya ce uwa ɗaya uba ɗaya suke da Sule, in na sake alaƙanta ƙaninsa da sata a kan ludayi ɗaya to in san inda zan kwana. Tunda muka yi aure bai taɓa yi mini irin wannan maganar ba.

Ni ban ce Baffa ya yi sata ba, ban gan shi ba. Tsorona ɗana ne. Ganga a gidanmu take, unguwa duk tana jin ƙararta, in abin ya fashe Baffa yana can kasuwa, Abba za a tarar da kayan mutane yana goge musu shaida, kuma shi za a ɗaure. In na gaya wa Talatu, na san halinta, ba ta iya riƙe magana, kafin la'asar 'yan sintiri suna ƙofar gidanmu. In na yi shiru, buhu zai ci gaba da shigowa ta ƙofar garke har ranar da wata za ta gane nata a kasuwa.

Jiya Talatu ta sake kira, tana jin ƙarar gangar ta waya Abba yana juya nasa kayan, ta ce Allah ya yi wa Abba albarka, da ya samu sarari ya zuba mata sababbin ludaya ta sake farawa. Amin kawai na ce.

Yanzu an kawo wuta, Abba ya mayar da sauran kayan Baffa cikin ganga, ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce Inna kawo ludayin nan, in ya ƙara juyi ɗaya shaidar ta tafi kowa ya huta. Na ce masa ya bari tukuna. Iyayena da 'yan'uwana, ku da kuka haifa kuma kuke da ƙanne, in miƙa masa ya jefa a ganga, ko in ɗaure shi a gefen zanina in hau mota zuwa Masanawa? Ko akwai wanda ya kamata in fara kai wa, da zai saurare ni ba tare da an taɓa mini yaro ba? Ludayin yana nan a ƙasan gero, ina jiran amsarku.