Inna, Mun Cire Ƙyauren

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na 'ya ga uwa, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da haske da yalwa. Ni ce Rabi, autarki. Na san saƙo ba ya isa inda kike, kuma na san masu karanta wannan a waya ba su san ki ba. Su karanta, ba komai. Ni dai da ke nake.

Labarin gida na kawo miki. Mun gyara shi, Inna. To, in ce dai mun taɓa shi, don gidan nan ba a gama gyaransa.

Kin san yadda kika bar shi. Tun shekarar da kogi ya cika ya shigo gari har ruwa ya kwana a lungunmu, gindin bangon gabas bai ƙara bushewa ba. Simintin nan da Baba ya sa aka shafe ginin ƙasar da shi, don a ce mu ma mun waye, shi ya zame mana ciwo. Danshi ya shiga ciki ya rasa hanyar fita, in kin ƙwanƙwasa bangon sai ki ji yana amsawa kamar ƙwarya. Bara da damina ya fara ɓantalowa. Azarar ɗakinki kuwa gara ta cinye cikinta ta bar mana ɓawo. Ni da na dawo gidan bayan rasuwar mijina Malam don in samu kwanciyar hankali, sai ga ni ina kwana da ido ɗaya a rufi. Ranar da ƙasa ta zubo mini cikin tukunyar miya na ce a'a, abin ya isa haka, na kira Yaya Sani daga garin Malam Madori.

Ya zo ya yi ta zagaye gidan yana tsaki, sai ka ce ni na jiƙa bangon. Halinsa na nan yadda kika san shi, faɗa a baki, ciki kuwa fari tas.

Gyaran gida a layinmu ba aikin mutum ɗaya ba ne, ke kin fi ni sani. Tun daga bakin masallaci har gidan masu kifi gidajen a jingine suke da juna, bangonka shi ne bangon maƙwabcinka. Motar yashi ba ta shiga lungu, sai a bakin titi ta juye, aka yi ta jido da baro har matan layi suka fara yi mini tsiya wai na mayar musu da hanya gaɓar kogi. Malam Ado magini ya fara haƙa tushe, bai kai gwiwa ba ruwa ya tsattsafo, ya ɗago ya dube ni ya ce Haɗeja ke nan, gari a kan ruwa yake zaune. Sai kuma indararon Alhaji Bukar na bayanmu, wanda ke zuba a kan katangarmu tun ina goye. Na je da lalama, ya ce a nan ya tarar da shi tun zamanin kakansa. Na ce to kakan nasa ba shi ke kwana a ƙarƙashi ba. Sai da mai unguwa ya sa baki aka ɗaura masa bututu. Yanzu muna gaisawa lafiya lau, har kifi ya aiko mini da aka kawo masa daga Auyo.

Duk wannan mai sauƙi ne. Inda na so in yi ɓarna shi ne bangon gabas, na tsakaninmu da Goggo Dije.

Kin tuna kafar nan da kuka huda a jikinsa ke da ita, tun kuna amare ba ku fita ko ƙofar zaure. 'Yar ƙaramar hanya ce, ba ƙyaure ba labule, sai guntuwar azara a sama da kuka sa don kada ƙasa ta rufto. Babba ba ya wucewa sai ya sunkuya. Ta nan garwashi ke ƙetarawa da safe, ta nan gishiri da daddawa, ta nan nono da man shanu in 'yan'uwanta sun shigo daga ruga. Kin sha gaya mini ta nan ta shigo da gudu ranar da za ki haife ni, hannunta duk ƙullu. Yaya Sani har yau da tabon azarar nan a goshi. In muka yi ƙorafin ƙanƙantarta sai ki ce, "Ni da Dije gidanmu ɗaya, bangon nan na maza ne."

Abin da ba ki sani ba, bayan kin tafi ba ta daina zuwa ba. Idonta ya yi rauni sosai, da laluben bango take tafiya. Amma kullum da hantsi sai ta sunkuyo ta kafar nan, ta zauna a kan turminki na bakin madafa, ta sha kunu abinta. Wani lokacin ta ba ni labarinki, wani lokacin ta yi gyangyaɗi. Rana ta yi zafi ta koma. Ba ta da sauran sa'a a layin nan, Inna, duk kun tafi kun bar ta. Zaman nan na hantsi shi ne abin da ya rage mata, ni kuma ban san yadda na dogara da shi ba sai daga baya.

Da aka zo rushe bangon, ɗanta Buba ya yarda ba musu, don su ma ta wajensu ya fara kumbura. Yaya Sani ya ce a toshe kafar kawai, zamani ya canja, kuma awakin Goggo sun hana mu shanyar shinkafa sun hana zogale girma. Na ce ba a isa ba. Muka yi ta ja har muka tsaya a tsakiya: a bar hanya, amma a yi mata ƙofa ta mutunci. Aka yi ta doguwa, mai faɗi, aka sa ƙyauren ƙarfe da sakata, aka shafa masa koren fenti. Wallahi na yi ta kallonsa ina jin daɗi, ina cewa da Inna na nan da ta ga an girmama ƙawarta. Ban taɓa sa sakatar ba. Turo shi kawai nake yi saboda awaki.

Aka gama aiki, aka share gida, na dama kunu na ajiye nata. Hantsi ya yi ya wuce, ba ta zo ba. Washegari ma haka. Na ce ko ƙurar siminti ce ta sa mata tari. Na aika da tuwo, aka dawo mini da kwano da godiya. Na tambayi matar Buba, ta ce lafiyarta ƙalau, sai dai ta rage cin abinci, kuma yini take a tabarma ba ta cewa komai. Na san yadda tsofaffi suke in suka fara irin wannan shirun, na gani a wurin Baba.

Na shiga na same ta a zaune tana fuskantar sabon bangon. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi gajiyar aiki, ta sa mini albarka, duk kamar ba komai. Kin san Goggo da kunyar Fulani, sai ki yini kina tono. Sai da na ce mata ko na yi laifi ne a gaya mini, sannan ta ce, a hankali:

"Na zo, Rabi. Na miƙa hannu na ji ƙarfe. Ni ban taɓa ƙwanƙwasa wa Hauwa ƙofa ba, ba kuma da tsufana zan fara ba."

Na ce ai ba a kulle take ba, turawa kawai za ta yi. Ta ce ta sani. Ta ce amma inda aka sa ƙyaure gidan mutane ne, sai an yi sallama an jira izini, ita kuwa ba ta san wa za ta jira ba. Inna, na rasa inda zan sa kaina. Ni da na yi rigima da Yaya don kada a toshe mata hanya, ashe da hannuna na mayar da ita baƙuwa.

A ranar na aika a kira Malam Ado. Da ya ji abin da nake so ya riƙe haɓa, ya ce duk aikin da ya yi a gidan nan babu wanda ya kai ƙofar nan kyau, yanzu kuma a ce ya ɓalle ta? Na ce ya ɓalle. Na kira Yaya Sani a waya na gaya masa, na kuma shirya wa faɗa. Ya fara kuwa, ya ambaci awaki, ya ambaci taurin kaina da ya ce wurinki na gado. Sai na maimaita masa maganar Goggo. Can sai ya ce, azarar nan da ta fasa masa goshi tana nan ko mun ƙona ta?

Tana nan. A cikin tarin itacen girki na same ta, saura kaɗan ta shiga murhu. Duk azarar gidan nan gara ta taɓa, ban da ita, ta yi sumul saboda dafawar hannuwanku. Malam Ado ya huda bulo ya gitta ta daidai inda take a da, yana yi yana mita. Ba ta yi kyau ba, gaskiya. Doguwar ƙofa sabuwa fil, da tsohon itace a gicciye a tsakiya, duk wanda ya shigo sai ya tambaya ko magini bai gama ba ne. Shi kuwa koren ƙyauren muna shanya kuɓewa a kansa, kuma ya dace da aikin.

Matar Buba na roƙa ta gaya mata an cire. Ban ce a kawo ta ba.

Washegari da hantsi ina bakin madafa ina tace gasara, sai na ji motsin hannu a jikin bango. Na ƙi juyowa gaba ɗaya, ta gefen ido nake kallo. Ta laluba, ba ƙarfe. Ta ɗaga hannu sama, ya sauka a kan azarar. Ta daɗe tana shafa ta. Sannan ta sunkuya yadda ta saba, ta shigo, ga akuyarta biye da ita ta nufi zogale kai tsaye, ban ko kore ta ba. Goggo ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce, "Hauwa, kin tashi?"

Ban san ko mantuwa ce ko da gangan ta yi ba, ban kuma tambaya ba. Na ce, "Na tashi, shigo." Na amsa miki, Inna. Ki yafe mini in na yi ƙarambani. Ta zauna a turminki ta shanye kununta tas, har ta ce ya yi tsami.

Haka muke yanzu. Rufi ba ya zuba, bango a tsaye, ɗakinki na da sabon kwano da silin, in ruwa ya sauko barci nake har da minshari. Gindin katangar yamma ya fara nuna danshi, wannan sai baɗi in Allah ya kai mu. Zogale dai na haƙura da shi.

Allah ya jiƙan ki, ya jiƙan Baba da Malam, ya sa Aljanna ce makomarku. Allah ya ƙara wa Goggo lafiya, ya bar mana ita gwargwadon abin da ya fi alheri. In kuma lokacinta ya yi, Allah ya sa gidanta ya jingina da naki a can, ya bar muku hanya a tsakani. Amin.

Taki har kullum,
Rabi, daga gidanki na cikin gari, Haɗeja.