Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Fari

Zuwa ga Malam,

Salamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da addu'ar Allah ya haskaka kabarinka. Na san ba za ka karanta wannan ba, babu ɗan aiken da ke kai saƙo maƙabartar Ma'ala ya dawo da amsa. Amma bakina ya cika, kuma kai na saba zuba wa zance kana taka keken ɗinkinka kana gyaɗa kai kamar kana ji. Ka yi haƙuri da ajamina, ka san tun na gidan Babanmu ne.

Mutanen gida lafiya. Yayarka Gwaggo Ladi ta dawo wurinmu da zama tun da na fita takaba, gwiwa ta matsa mata amma bakin nan yana nan yadda ka bar shi. Yaran maza biyu suna zuwa makaranta, ƙaramin ya fara faɗin gaisuwa da Larabci kafin Hausa, Gwaggo tana ta faɗa. Kekenka na lulluɓe shi da tsohon zanina. Unguwarmu Hindawiyya ta nan Makka ta ƙara cika, an kakkafa rumfunan kwano har bakin dutse.

Zancen 'yarka ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ka ga har a takarda na ce 'yarka? Hannun ma ya saba da baki. Kai ka ja min, Malam. Ga ta 'yar fari, ka kuma ɗauki sunan mahaifiyarka ka ɗora mata. Ina ni ina faɗin wannan suna? Tun da na haife ta ban taɓa kiransa ba, ban taɓa yabonta a gaban mutane ba, in an tambaye ni sai in ce tasu ce. Haka uwata ta yi da yayana a Kano, haka na tashi na gani, kuma ban taɓa jin an ce laifi ba ne.

Ka tuna shekarar da gwamnati ta buɗe makarantar 'yan mata, yadda ka riƙe hannunta ka kai ta, dattawan unguwa suna cewa ka zautu? Kai ka ɗinka mata rigar makaranta. Namiji ba ya shiga ciki, amma kullum kana tsaye a bakin ƙofa kana hira da mai gadi, duk abin da ake ciki kana sane. Ka ce sai ta zama malama ko da kekenka ne zai tafi. Ni kuwa ko hanyar makarantar ban sani ba, uwa ba ta zarya a kan 'yar fari.

Da ka tafi, bakin ƙofar nan ya zama babu kowa. Sai aka kawo musu sabuwar malama a ajin ƙarshe, abla suke ce mata kamar yadda suke kiran kowace malama a nan. Ta kwashi 'yarka da wasu yara biyu baƙaƙe ta kai su can ƙuryar aji kusa da randar ruwa. Su ne share tsakar makaranta da safe, su ne dafa wa malamai shayi. In an fara darasin hisabi, wato lissafi, lokacin ne za a tuna ana son shayi. Yara kuma suka ɗauka, suna ce musu takari, wani lokaci baiwa. 'Yarka da na hora ta durƙusa ta gaida babba, ta sunkuyar da kai in ana mata magana, ashe abla na kallon haka tana cewa halin bayi ne, a gidan wasu ta koya.

Duk wannan ban sani ba sai ranar da ta dawo da ƙuna a bayan hannu, butar shayi ta kife mata. Gwaggo ce ta tsare ta da tambaya, ni ina gefe ina tsintar shinkafa kamar ba na ji. Wallahi Malam, shinkafar nan da tsakuwarta muka ci. 'Yarka ta ce abla ta ce ba za a shigar da su ukun jarrabawar fita ba, wai kan irinsu ba ya ɗaukar hisabi, kada su zubar wa makaranta da daraja. Kai ka san in ba ta zauna jarrabawar nan ba, babu makarantar malamai, shekarun nan duka sun bi ruwa.

Gwaggo ba ta iya tafiya mai nisa, dole ni na yafa mayafi. Aka kai ni wurin mudira, shugabar makarantar, wata mutuniyar Sham mai tabarau, ba ta da fuskar mugunta. Ta sa aka kira abla, aka kira 'yarka ta tsaya a gabanmu. Sai mudira ta tambaye ni ko 'yata ce. A gaban yarinyar, Malam! Kafin in yi tunani bakina ya riga ni, na ja mayafi na kau da kai na ce tasu ce. Ta ce mene ne sunanta, na ce ai tana da suna. Ta ce to ubanta fa, na ce maigidanmu ne. Yaushe na taɓa faɗin sunanka da zan fara a ofishin mutane?

Na ga abla ta dubi mudira da irin kallon nan na ai na gaya miki. Mudira ta cire tabarau ta yi min magana a hankali, kamar mai lallashin marar lafiya. Ta ce kada in ji tsoro, sarki ya 'yanta bayi duka, babu mai ikon riƙe kowa yanzu. In yarinyar ta wasu ce, maigida ya rubuta ta da sunansa don tausayi, in faɗa za su taimaka. Amma har sai an tabbatar da asalinta ba za ta zauna jarrabawa ba. Larabcina na kasuwa ne, sai da muka kai titi maganar ta gama shiga kaina. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi a kan tausayin nan.

A hanya 'yarka ba ta yi tafiya kusa da ni ba. A gida ta ƙi cin abinci. Ina bayan labule na ji tana gaya wa Gwaggo cewa kowace uwa a Makka da sunan ɗanta ake kiranta, tana taƙama da shi, ita kaɗai ce uwarta ke kau da kai. Daga nan ta tambayi Gwaggo, da muryar da ban san ta da ita ba, wai tsakani da Allah ni na haife ta? Malam, ni da na yi kwana da kwanaki ina naƙudarta a ɗakin nan cikin zafin watan hajji, har ungozoma ta fara min shahada. A nan aka haife ta, a nan ta tashi, ina za ta san cewa a wurinmu wanda ya fi nauyi a zuciya shi ake jin nauyin kiran sunansa? Wa ya taɓa zaunar da ita ya faɗa mata? Kai dariya kake yi in na ce 'yarka, ni kuma ina ganin kowa ya gane.

Gwaggo ta ce a bar shi ga maza, a tara dattawa su je wurin umda mai unguwa ya ba da shaida. Na ce dattawan da suka ce ka zautu? Kafin su gama shan shayi su miƙe an tashi daga jarrabawa. Kuma ko umda ya shaida wa makaranta, wa zai shaida wa yarinyar? Na ce gobe ni zan je in kira sunanta a gaban kowa. Gwaggo ta ce in tuna sunan mahaifiyarku ne, ba ta taɓa jin suruka ta yi wannan rashin ta-ido ba. Na ce mata ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Washegari na isa makaranta ana jeren safe a tsakar gida, yara sahu-sahu, malamai a tsaye. Matar mai gadi ta tare ni na ratse ta. Na hango 'yarka can gefe da tsintsiya a hannu, ita da yaran nan biyu, suna jiran a watse su share. Na ɗage lulluɓin fuskata. Harshena ya yi nauyi kamar na tauna danƙo, na ce Allah ka yafe min, Inna surukata ki yafe min. Sai na buɗe murya na kira ta. Rakiya!

Ka san me ta yi? Waiwayawa ta yi bayanta, tana neman wadda ta kira ta. Ba ta san yadda sunanta yake a muryata ba. Sai da na sake kira ta juyo, tsintsiyar ta faɗi.

Daga nan kuma bakin nan da kake cewa ya fi kekenka gudu ya ɓalle. Na kama hannunta mai ƙuna na ɗaga sama, na haɗa Larabci da Hausa, wanda ya zo shi ne. Na ce wannan Rakiya ce 'yar Haruna tela, ni na ɗauki cikinta, ni na haife ta, ni na shayar da ita. Na ce kakanta da ƙafarsa ya tako daga Kano ya zo Ɗakin Allah, ba a kasuwa aka kawo shi ba, mu ba bayin kowa ba ne. Ina faɗin haka idona ya faɗa kan ƙaramar cikinsu, Sa'ida, na ga ta sunkuyar da kai. Ita uwarta da gaske baiwa ce a wani babban gida, kwanan nan ta fita. Ashe na zo fitar da tawa ina danna ta wata. Na je na karɓe tsintsiyar hannunta ita ma na jefar. Na ce to ko da baiwa ce ta haifi yarinya sai me? Kanta ba ya ɗaukar alif? A masallacin Harami kafaɗata na gogar ta matar mai dukiya a sahu ɗaya, babu mai ce min koma kusa da randa, sai a ɗakin karatu ne fata za ta zaɓa wa yaro wurin zama? Na ce a ba su tambayar da aka ba kowa, in sun faɗi su faɗi da kansu.

Can sai na ji guɗa daga bakin ƙofa. Gwaggo ce, Malam, ta biyo ni da sandarta da gwiwar tata. Daga baya ta ce ba guɗa ta yi ba, ciwo ne ya sa ta ƙara. Ka san halinta.

Mudira ta shigar da ni ofis ta ba ni kujera. Na yi mata bayanin kunyar ɗan fari yadda na iya. Ta riƙe baki, ta yi dariya, daga baya dariyar ta tsaya. Ta ce shiruna ne ya ruɗe ta. Na ce mata gaskiya ne, amma kafin in yi shirun yaran suna bayan aji, kuma da farar mace ce ta kau da kai da sai a ce kunya ce ko jahilci, babu mai kawo zancen bayi. Ba ta musa ba. A ranar ta ce shara ta zama bi da bi ga dukan aji, shayi kuma mai aikin makaranta ta dafa, zama a jera shi bisa tsawo. Abla har yau ba ta amsa gaisuwata da kyau, kuma ba zan ce maka yara sun daina cewa takari ba. Ni dai na gano hanyar makaranta, na kuma ja iyayen yaran nan biyu, yanzu mu ne tsaye a bakin ƙofarka.

Su ukun sun zauna jarrabawa. Ɗaya ba ta samu ba, darasin da aka hana ta ya yi yawa, za ta maimaita kuma muna nan a kanta. Sa'ida ta ci. Rakiya ta ci, an ɗauke ta makarantar malamai. Na buɗe kekenka jiya don in ɗinka mata sabuwar riga, ɗinkin ya karkace, ta ce a haka za ta sa.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Duk ranar da ka zaunar da ita tana maka karatu ni kuma na fita wai zan duba tukunya, babu wata tukunya. A bayan labule nake tsayawa ina ji, ƙirjina kamar ya fashe don daɗi. Ko ka sani kake yi min shiru? Ranar da na kira ta a makaranta, a hanyar dawowa ta riƙe gefen mayafina ta ce in sake faɗin sunan. Na ce mata kar ta saba. Da muka zo kwanar mai burodi na sake faɗa a hankali, ta amsa.

Abu ɗaya ne ya tsaya min a wuya. Mudira ta ji sunanka a bakina, abla ta ji, yaran mutane cike da tsakar makaranta sun ji, har matar mai gadi. Kai da na zauna da kai shekara da shekaru, na yi jinyarka, na rufe maka ido, kai kaɗai ne ba ka taɓa ji ba. To ga shi, ko da ya zo a makare. Haruna. Allah ya jiƙanka, Haruna, ya sa Aljanna ce makomarka, ya haɗa mu inda zan kira ka, ka waiwayo.

Ka huta lafiya.

Ni ce taka,
Uwar Rakiya