Sirdin Gaba

Lahadi, 6 ga Afrilu
Na sauko daga keke ina tafiya kamar wadda ta haihu jiya. Yaya Aukje kuwa waƙa take ta yi a bayana tun daga garin Bolsward. Na ɓoye mata ciwon da nake ji. Tun da idonta ya rufe muka sayi keken nan na mutum biyu, ba ta da zance sai zagayen garuruwa goma sha ɗaya na watan Yuni. Kilomita ɗari biyu da ɗoriya a yini guda. Ni ce a gaba, ni ce idonta. Ba ta da wata.

Asabar, 12 ga Afrilu
Na je shagon Sjoerd mai gyaran keke. Ya ce, "Ina ne daidai yake miki ciwo?" Ga maza uku a tsaye suna shan kofi. Na ce, "Baya." Ya ɗaga min kan keken. Bayana kuwa lafiyarsa lau.

Laraba, 23 ga Afrilu
Sirdi na uku, mai rami a tsakiya. Wando mai soso, man shafawa, duk a banza. Gabana ya kumbura, fata ta saɓule, fitsari sai na ciji leɓe. Na buɗe famfo na yi kukana don kada ta ji. Ban san me zan yi ba, wallahi ban sani ba.

Lahadi, 4 ga Mayu
Ta fito da sabon salo. Ba ma nisa sai, "Wytske, tsaya, fitsari."
"Haba Yaya, ba yanzu kika yi ba?"
"Marata ce ko taki? Tsaya, sarauniyar mita."
A haka za mu gama zagayen? Haushi kamar in fashe. Amma dai ina samun sauka.

Asabar, 17 ga Mayu
Kullum in na kai ta bayan shinge juya mata baya nake yi. Yau iska ta fizge min safar hannu, na waiwaya. Tana tsaye, wandonta a jikinta, ta dafa shinge. Jira kawai take yi.
Sarƙa ɗaya ce ta haɗa fedata da tata. Ashe duk muskutawar da nake yi, duk ɗagawar da nake yi daga sirdi, a ƙafarta take jinsu. Ta fito tana gyara wando. Na ce, "Kin gama?" Ta ce ta gama.

Litinin, 9 ga Yuni
Ba mu kai ba.

Talata, 10 ga Yuni
Jiya, bayan mun wuce garin Dokkum ne. Na ji danshi a wandona, na san jini ne. Na ƙara kilomita ɗaya, na kasa. Na ce, "Yaya, fitsari nake ji."
Ta daina taka feda. Sannan ta ce, "Ni ma."
Muka zauna a ciyawa, masu kekuna suna ta wuce mu. Ta ce in riƙa faɗa mata kalar rigunansu. Na yi ta faɗa, can na daina. Ita ma ta daina tambaya.

Juma'a, 13 ga Yuni
Wucewa kawai nake yi ta gaban shagon, ban san me ya shigar da ni ba. Mazan nan suna nan da kofinsu. Sjoerd ya ce, "Bayan ne har yanzu?"
Na ce, "Ba baya ba ne."