Katangarka Tana Nan Tsaye

Unguwar Kanya, ta Gozaki,
Talata, 20 ga Agusta.

Zuwa ga ƙanena Talha,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Aisha Humaira da yara, ya kuma tsare ku daga sharrin bariki da na hanya, amin. Idan ka tambaye mu, muna nan da rai, mun gode wa Allah. Maigidana ya tashi daga zazzaɓin da ya kwantar da shi, har ya koma gona. Masarar tudu ta yi kyau, ta fara fitar da gemu, amma dawar kwari yashi ya binne ta, ko kara ɗaya ba za mu ɗauko ba. 'Yata Zakiyya ta gama jarrabawa, tana gida tana taya ni kula da Inna.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa alhali ga waya a hannun kowa. Dalilina shi ne, sau uku ina kiran ka a kan maganar nan, sau uku kana ce min kana wurin aiki, ko kuma layi ba shi da kyau a Fatakwal. Abin mamaki, layin ba ya lalacewa sai na ambaci katanga. Shi ya sa na yago takarda daga littafin Zakiyya na zauna, don ita ba ta yankewa a tsakiyar magana. Maharazu direba zai ɗauki lodin masara daga Funtua gobe, na ce ya damƙa maka ita hannu da hannu, kada ya ba kowa ajiya.

An gaya maka ruwa ya yi mana ɓarna, amma a gutsure aka gaya maka, don haka bari ka ji daga bakin wadda ta gani. Yau kwana goma sha shida ke nan. Ranar Lahadi ce, bayan la'asar, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, iska ta fara ɗaye kwanukan rufin mutane, sai ƙanƙara, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ba a yi awa biyu ba ruwan tudu ya gangaro ta hanyarsa ta kullum, ya zo bayan gidanmu ya tarar da bulo, sai ya juya. Rabi ya shiga gidan Malam Sada, abokin Baba, rabi ya faɗa namu. Ina gidana na ji ihu, na fito ko mayafi babu, na iske Inna tsaye a tsakar gida ruwa ya kai mata ƙugu, tana riƙe da igiyar shanya. Maigidana ne ya goyo ta ya fito da ita, ka kuwa san abin da wannan yake nufi ga mace irin Inna, wadda shekara ashirin da biyu ba ta taɓa yarda sun haɗa ido da surukinta ba. Ba mu kai bakin zaure ba ɗakinta ya zauna. A gidan Malam Sada rumbu biyu suka narke da hatsin da za su ci har kaka, awaki bakwai suka tafi, bango kuma ya danne masa ƙafa, yanzu haka yana kwance an yi masa ɗori. Gida tara ne suka rushe a layinmu. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba.

Da na gaya maka a waya ka ce ƙaddara ce. Na yarda, ruwa na Allah ne, ba kai ka aiko shi ba. Amma Talha, ka tuna filin nan na bayan gida da Baba, Allah ya jiƙansa, yake kira rabon ruwa. Shekara arba'in bai ɗora ko tubali ɗaya a kansa ba, gwaza kawai yake dasawa a gefe, ya kewaye da darni. Duk shekara kafin ruwan shuka ya sauka sai ya kira gayya, a yashe hanyar tun daga gindin kanya har rafi, Inna ta dama kunu tulu biyu. Kai kanka ka sha kunun nan, ka kuma sha dukan Baba ranar da ka zubar da shara a ciki. Da aka raba gado filin ya faɗo a kasonka, dattawa suka ja maka kunne a gabana cewa ka yi gininka a duk inda kake so, amma ka bar wa ruwa wurin wucewa. Bara da ka aiko aka ja katanga, Kamalu magini ya kira ka a wayata, ina tsaye ina ji, ya ce a bar babbar rariya gabas da yamma ko a sa kwalbati. Ka ce masa ta nan ɓarayin rodi za su shiga, kuma ba ka son awakin unguwa su mayar maka da fili makewayi, ya toshe ko'ina. Na sa baki, ka ce min ai yanzu zamani ya wuce na Baba. Daminar bara ta zo da sauƙi, ruwa ya tsaya iya idon sawu, sai ka ga kamar kai ne da gaskiya. Ni ma na yi shiru, kuma wannan shirun yana cikin abin da yake ci min rai yau.

Yanzu ga abin da ba ka sani ba, wanda Inna ta hana kowa ya gaya maka. Kwana uku bayan ruwan aka yi taro a ƙofar gidan mai unguwa. Ran mutane a ɓace yake, matasa suka tasa Kamalu a gaba kamar za su cinye shi ɗanye, ya ce shi umarni aka ba shi. Aka ce wa ya ba shi? Kafin ya buɗe baki sai ga Inna ta dogaro sandarta, da zanen aro a jikinta don nata duk sun tafi, ta tsaya a bayan maza ta ce ita ce. Ta ce ita ta sa aka toshe don tana tsoron macizai, ɗanta yana can kudu bai san komai ba, shi dai ya aiko a yi gini. Kamalu ya sunkuyar da kai bai musa ba. Wa zai ƙaryata tsohuwa a bainar jama'a? Ina tsaye kusa da ita, na ja bakin zanenta, ta take min ƙafa. Da muka dawo gida ta ce min idan na kuskura na faɗi gaskiya ba ta yafe min ba. Ta ce kai namiji ne, wata rana nan za ka dawo ka zauna, nan za ka nema wa 'ya'yanka aure, ita kuwa sauranta kaɗan.

To ga abin da ta saya maka da sunanta. Ka san rabin mutanen unguwar nan a hannun Inna suka faɗo duniya, ita ta yanke musu cibi, ita ta yi wa iyayensu wankan jego. Tun ranar taron nan matan da suka shigo yi mata jaje ba su cika hannu ɗaya ba. Hansai matar Malam Sada, wadda suka yi shekara arba'in suna miƙa wa juna kwanon tuwo ta kan danga, ta gan ta a hanyar rijiya ta kau da kai. Ban ga laifinta ba, mijinta yana kwance, 'ya'yanta suna cin sadaka. Ranar Alhamis sarakuwar Hansai, matar ɗanta, ta haihu a ajin firamare inda aka tsugunar da su. Inna ta ji guɗa, ta tashi ta ɗaure ƙullinta na sabuwar reza da sabulun salo, wanda ta sa Zakiyya ta sayo mata tun kwana biyu kafin nan, ta zauna a bakin ƙofa tana jiran aike. Har rana ta faɗi babu wanda ya zo. Wata aka ɗauko daga Kafur a kan babur. Inna ta kwance ƙullin ta tura ƙarƙashin tabarma. Tun ranar ba ta cin abin kirki, ga kunyar zama gidan suruki, sai ta ji maigidana ya fita sannan take kai loma biyu bakinta. Idan ka gan ta yanzu sai ka yi kuka.

Unguwa kuwa ba ta zauna ba, gara ka sani. Wasu jami'ai sun zo da mota, sun ɗauke mu hoto a gaban kangaye, sun rubuta sunaye, sun raba tabarmi da bokitai, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Da mutane suka ga haka sai suka kama nasu da kansu. An dawo da gayyar Baba da aka yi shekara shida ba a yi ba. Kowace Asabar maza na fitowa da diga da shebur, mata na dama kunu da ɗan abin da ya rage. An yashe hanyar ruwa daga gindin kanya, an jera buhunan yashi a gindin katangun ƙasa, an yi wa wasu dakali, masu sauran hatsi sun kwashe sun kai gidajen tudu. An sa mutum biyu da za su yi shela a lasifikar masallaci da zarar rafi ya taɓa dutsen wanki. Daga ɓangaren rafi ma an haƙo an taho. Aiki ya zo ta gabas ya tsaya, ya zo ta yamma ya tsaya, taku goma sha biyu ne kawai tsakani, kuma katangarka ce a wurin. Rediyo na ta faɗa cewa akwai sauran ruwa mai ƙarfi a watan gobe. Duk lokacin da hadari ya haɗu sai ka ga mata suna kwasar yara suna hawa tudu.

Matasa sun so su ɗauko guduma, mai unguwa ya hana. Ya ce a garin nan ba a taɓa ginin mutum sai da bakin mai shi, idan aka fara yau ba a san inda za a tsaya ba. Ya ce tunda Inna ce ta sa aka toshe, to ita za ta ce a buɗe. Sau biyu yana aikowa. Ita kuwa ta san katanga ba tata ba ce, kuma ta ji da kunnenta ka ce a jira sai ka zo ƙarshen shekara ka duba, don haka sai ta ce wa ɗan aike a ba ta lokaci ta yi tunani. Ka ga yadda take a idon jama'a yanzu: tsohuwar da ta jawo wa maƙwabta ruwa, kuma ta ƙi a gyara. Shinkafar da ka aiko ta iso, mun gode, Allah ya ƙara buɗi. Tana nan a jingine ba a kwance bakin buhun ba, don ba yunwa ce take damun Inna ba.

Abin da nake nema a wurinka ɗaya ne, kuma ba zai ci maka ko kwabo ba. Ranar Juma'ar sama, bayan an sauko daga masallaci, mutane za su taru a ƙofar mai unguwa don shirya gayyar Asabar. Maigidana zai kasance a wurin da waya. Ka kira, a buɗe murya kowa ya ji, ka ce katanga taka ce, umarni naka ne, an ba ka shawara ka ƙi, mahaifiyarka ba ta da hannu a ciki, sannan ka ce a fasa katangar. Kada ka kira Inna a ɓoye ka ce ta ba su izini, wannan zai buɗe wa ruwa hanya ne kawai, ita ya bar ta cikin abin da ta shiga. Za a zage ka, na sani, wataƙila Malam Sada ya daɗe bai amsa sallamarka ba. Kai kana da sauran shekarun da za ka nemi gafararsu, kuma mutanen nan ba su da riƙo idan mutum ya amsa laifinsa. Idan kuwa aka watse ranar ba ka kira ba, to ni zan je gidan mai unguwa in faɗa da bakina, in kira Kamalu shaida. Na san abin da Inna ta ce zai hau kaina. Na auna, na ga gara ta yi fushi da ni tana da mutunci a garinta, da a ce wata rana an zo ɗaukar ta babu matan da za su cika tsakar gida.

Kada ka ɗauka ƙiyayya ce ta sa na rubuta maka wannan. Ni na goye ka har bayana ya yi kanta, ni nake raba maka ƙosaina a hanyar makaranta, kuma ranar da ka samu aikin nan na yi guɗa har muryata ta dishe. Raina ne ya ɓaci, ya kuma ɓaci ƙwarai, ban taɓa zaton zan ji kunyar ambaton sunanka a unguwar da aka haife mu ba.

Ka gaida Aisha Humaira da kyau, ka ce mata turaren da ta aiko wa Inna da salla ya tafi tare da ɗakin. Ka shafa min kan Abdussamad da Maijidda, Allah ya raya su, ya sa su jiƙan ku. Maigidana da Zakiyya suna gaishe ku. Inna ta gan ni ina rubutu ta tambaya, na ce mata gaisuwa ce kawai zan ba Maharazu. Ta ce in gaishe ka, in ce maka tana lafiya lau, kada ka ɗaga hankalinka a wurin aiki. Ta kuma ce lallai in gaya maka ta sa an zagaya an duba, katangarka tana nan tsaye, ko bulo ɗaya bai faɗi ba.

Wassalam. Ni ce yayarka mai jiran Juma'a,

Suwaiba.