Awon Da Aka Zo Wa Da Buhuna

Daga:
Ungozoma Mai Kula da Ɗakin Awo,
Ƙaramin Asibitin Unguwa,
Bayan Tashar Mota.

Juma'a, 18 ga Yuli, 2025.

Zuwa ga:
Mai Girma Babban Manaja,
Gidan Rediyon Al'umma.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SANARWAR AWON MASU JUNA BIYU DA GIDANKU YA GUTSURE, DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, musamman waɗanda Allah ya hore wa murya, ina neman izinin gabatar da ƙorafina a rubuce. Na koma ga takarda ne domin sau uku ina zuwa ofishinka da ƙafata, sau uku ana ce mini kana taro. Allah ya kawo ƙarshen taron nan lafiya.

Ni ce ungozomar da ke kula da ɗakin awo a ƙaramin asibitinmu, shekara ashirin da biyu ke nan. Bana, bayan rubuce-rubucen da suka kusa ƙarar mini da biro, aka yarda a turo mana likitar mata da na'urar ɗaukar hoton ciki na rana biyu kacal: Asabar 12 ga Yuli da Asabar 26 ga Yuli. Daga nan na'urar za ta wuce wata unguwa, ba mu sake ganinta sai baɗi. Akwai matan da nake so likitar ta duba, amma akwai guda ɗaya da dole ne a duba ta, wato matar mai facin taya na bakin tasha. Cikinta ya shiga wata takwas, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, kuma cikinta na fari ma a wata na takwas ta rasa shi. Sau uku ina tsayawa a kan mijinta cikin tayoyi da ƙarar injin iska kafin ya ce ya amince. Ina roƙon ka riƙe wannan baiwar Allah a ranka yayin da kake karanta abin da ke tafe.

1. Ranar Litinin 30 ga Yuni, da ƙarfe goma da kwata na safe, na miƙa wa sakatariyarka takardar sanarwa mai layi huɗu. Layin farko ya ce: "Za a yi awon ciki da hoton ciki kyauta ga mata masu juna biyu." Ta buga hatimi ba tare da ta ɗaga ido daga wayarta ba, ta danne takardar da kofin shayi. Kwana goma ina manne da rediyo ina jira. A cikinsu na ji cigiyar wani rago mai baƙin kunne har sau shida, kuma ina taya mai shi murna da aka same shi. Tamu sanarwar dai ko ɗuriyarta.

2. Ranar Alhamis 10 ga Yuli, da ƙarfe bakwai da rabi na safe, mai gabatar da shirinku na safe, wanda masoyansa ke kira Zaƙin Murya, ya tuna da mu. Ga abin da ya faɗa, na rubuta shi a bayan katin awo tun bakinsa bai rufe ba: "Albishirinku jama'a! Ranar Asabar akwai awo kyauta a ƙaramin asibiti! Kowa ya fito, kada ka bari a ba ka labari!" Sai ya saki kiɗa.

Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin harshe, amma bari in yi karambani. Awo biyu ne. Akwai wanda mace mai ciki take zuwa, a ɗora ta a sikeli, a duba jininta, a saurari bugun zuciyar abin da ke cikinta. Akwai kuma wanda magidanci yake yi a gaban mai hatsi, kwano a hannu, gabansa na faɗuwa. Abin da ya raba su kalma ɗaya ce, "ciki", ita kuwa ma'aikacinka ya cire. Da na kira shi a waya ya shaida mini cewa kalmar ta yi masa nauyi a baki da sassafe, mutane na karin kumallo, kuma surukansa na sauraron shirin. Na jinjina wa wannan kunya tasa. Sai dai ban san ta inda yake zaton surukan nasa suka samo matar da suka ba shi ba. Ya yi alkawarin gyarawa ranar Juma'a. Ranar Juma'a ya maimaita ta yadda take, har ya ƙara da cewa a zo da wuri kafin ya ƙare.

3. Ranar Asabar 12 ga Yuli na iso asibiti da ƙarfe shida da rabi, na tarar da layi ya fita ƙofa, ya bi jikin katanga, ya kai tasha. Maza ne zalla, kowa da buhunsa a naɗe a hammata. Wasu da baro suka zo, wani ma ya ɗauko amalanke don kada a ce ya raina kyautar. Maigadinmu ya ƙirga har ɗari biyu, ya gaji, ya koma ya zauna. Bencinan da muka jera wa masu ciki a inuwa, magidanta ne suka cika su, suna ta muhawarar ko masara ce ko shinkafa.

Na hau kan kujera na yi bayani har muryata ta dushe. Wani dattijo ya saurare ni da kyau, ya gyaɗa kai, sannan ya ce to 'yata, ya ji, amma shi kwano biyu ma ya ishe shi. Wani ya leƙa taga ya hango sikelinmu, ya juya ya sanar da jama'a cewa ga ma'aunin can an ɓoye. Daga nan aka fara turereniya. Ban ga laifinsu ba, Ranka ya daɗe. A wannan tsadar, wanda aka ce masa awo kyauta bai fito ba, shi ne ya kamata a kawo mana mu duba.

Mata tamanin muka shirya wa kati. Goma sha ɗaya suka iya kutsowa, su ma ta ƙofar baya muka shigo da su kamar masu laifi. Matar mai faci ta zo, na hango mayafinta a bakin ƙofa. Kafin in ratsa in kai gare ta an bangaje ta da baro, ta dafe ciki, ta juya gida tana jan ƙafa. Likita ta naɗe wayoyin na'urarta da ƙarfe biyu, ta dube ni, ta ɗauki jakarta ta fita. Na gwammace da ta zage ni.

4. A takardata na roƙi ku turo ɗan rahoto da ƙarfe tara, ya ga aikin, ya ji ta bakin likita, domin matan da ke tsoron na'urar su saki jiki. Ɗan rahotonku ya iso da ƙarfe ɗaya da minti ashirin, yana sakace haƙori. Bai shigo ba, bai tambayi ko mai shara ba. A bakin ƙofa ya tsaya ya miƙa wa masu buhu makirufo. Da yamma, a labaran ƙarfe shida, gidanku ya shaida wa duniya cewa an yi hargitsi a wurin rabon hatsi a ƙaramin asibiti, kuma ana zargin ma'aikata da karkatar da kayan. Wannan karon, na lura, ba kalmar da ta yi wa kowa nauyi.

Tun daga ranar, in na bi ta tasha 'yan acaɓa ke kirana Uwar Buhu. Ƙanwar mijina ta zo har ɗaki ta rage murya, ta ce ita ba ta cikin masu surutu, a ɗan sam mata daga abin da aka ajiye. Waɗannan duk zan iya shanyewa, na shanye abin da ya fi su a ɗakin haihuwa.

5. Abin da ba zan iya shanyewa ba shi ne wannan. Ranar Lahadi na koma wurin mai faci. Rediyonsa na rataye a ƙusa a jikin rumfa, kullum a tasharku yake, daga buɗe shago har rufewa. Ya ce iyalinsa ba za ta sake taka wurin da ake dambe a kan hatsi ba. Na rantse masa babu ko ƙwaya ɗaya a asibitin. Ya ce shi ba ya ƙaryata ni, ni babba ce, amma da kunnensa ya ji a labarai, kuma ai rediyo ba za ta faɗi abin da ba a yi ba. Ya ci gaba da goge tayarsa. Aikin wata guda na lallashi, ma'aikatanka suka rushe shi a minti ɗaya da rabi, har da kiɗa.

6. Ranakun Litinin 14, Laraba 16 da Alhamis 17 ga Yuli na zo gidanku. A zuwa na uku aka haɗa ni da shugaban sashen shirye-shirye. Ya ba ni kujera, ya taya ni murna, ya ce taron da aka yi ya nuna yadda jama'a ke sauraron tasharku, har ya tambaya ko ina da hoton layin su yi amfani da shi a talla. Game da kuskuren, ya ce ba kuskure ba ne, saɓanin fahimta ne daga ɓangaren masu sauraro. Wato mutum ɗari biyu da ɗoriya ne suka yi kuskure a tare, mutum ɗaya mai makirufo ya yi daidai. Na fito ina mamakin ilimi.

Saboda haka, cikin ladabi da girmamawa, ina roƙon Mai Girma Manaja ya ba da umarni kamar haka.

Na ɗaya, a karanta sanarwarmu daga Litinin 21 zuwa Juma'a 25 ga Yuli, safe da rana da yamma, yadda na rubuta ta, ba ragi ba ƙarin gishiri, kalmar "ciki" tana nan a inda na ajiye ta. In har yanzu tana yi wa Zaƙin Murya nauyi, a ba ni makirufon. Shekara ashirin da biyu ina faɗinta gaban manya da yara, haƙorina ko ɗaya bai faɗi ba.

Na biyu, a janye labarin ranar 12 ga wata, a cikin labaran ƙarfe shida ɗin da aka yaɗa shi, da muryar da ta karanta shi. Kada a cusa gyaran a tsakiyar gaishe-gaishe. A faɗa ƙarara cewa ba a yi rabon hatsi ba, ba a karkatar da komai ba, kuma ranar 26 mata masu ciki kaɗai ake jira.

Ban nemi a kori kowa ba, ban nemi a ba ni haƙuri ba, sunan Uwar Buhu kuma na yafe. Jiya da la'asar na je gidan matar mai facin da abina na awon jini. Lambar da na gani ba zan rubuta ta a nan ba, amma sai da na sake aunawa sau biyu ina fatan abin ne ya lalace. Kanta na sarawa, ta ce tana ganin wasu ƙyalli-ƙyalli a idonta. Na sake tarar mijin a rumfa, na yi masa magana irin wadda ban saba yi wa namiji a gaban mutane ba. Ya ce in dai ya ji a rediyo cewa labarin hatsin ba gaskiya ba ne, shi da kansa zai ɗauko ta a babur, ba sai an jira Asabar ba.

Ni na faɗa masa sau biyar bai ji ba. Ku sau ɗaya ya ishe shi, kuma yau saura kwana takwas.

Ina fatan wannan takarda ba za ta gamu da kofin shayi ba. Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da tsawon rai, ya ba shi ikon duba ta a yau.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Ungozoma Mai Kula da Ɗakin Awo,
Ƙaramin Asibitin Unguwa.