Ku Kwance Mini Jalaluddeen

Jidda,
ranar Laraba.

Yaya Daudu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna da duk mutanen Roni. Yaya yankan gero? Ni kam alhamdulillahi, aikin asibitin nan ba laifi, sai ƙafafuna da suke kumbura saboda tsayuwa, amma kada a gaya wa Inna.

Yaya, matarka Mairo ta faɗa mini a waya cewa ka ɗaure ɗana Jalaluddeen a gindin darbejiya, don yana buga kansa da bango kuma ya ciji Inna. Wai har ka ce, "Aljanu ne, hayaƙi za a yi masa." Haba Yaya! Wallahi tun da na ji ban iya haɗiyar abinci ba.

Kun san likita ya ce galahanga gare shi. Ba shi da bakin da zai ce ga inda yake masa ciwo. Bara da ya yi irin wannan, ashe kunnensa ne yake ruwa, ana ba shi magani ya lafa. Yanzu Mairo ta ce ya ƙi tuwo, kullum yana dafe da kunci. Wa ya buɗe bakinsa ya duba haƙoransa?

Don girman Allah ka kwance shi, ka kai shi asibiti a Kazaure. Ban manta ɗawainiyarku ba, Allah ya saka da alheri. Amma in riƙon ya gagara, ka faɗa mini in ajiye aikin nan in dawo gida.

Ƙanwarka,
Sa'adiyya.