Saƙon da Ya Tsaya a Zaure

Zuwa ga Yaya Ilyasu, a Tchibarakaten ko duk inda kake,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, na rubuta wannan a fili ne a intanet inda kowa zai gani, tunda lambarka ta daina shiga tun bayan babbar Salla. Wataƙila wani mai rezo a can, wanda wayarsa ke kamawa, ya karanta maka.

Ka san tun ina ƙarama ni ce mai kai saƙo a gidanmu na Dagmanet. Baƙo namiji ba ya wuce zaure. Ya yi sallama ya tsaya, in fito in ji, in ruga in gaya wa Inna a madafa. Kai ka sa mini suna Radiyo, wai kalma ɗaya ake ba ni in kai goma.

Makon jiya wani shofer na kamyo, wato direban babbar mota, ya tsaya a zauren nan. Ya ce amai da gudawa sun shiga wurin masu haƙar zinariya, mutane na kwance, kai kuma bai gan ka ba, ko cikin masu lafiya ko cikin na kwance. Na kai ciki yadda na ji, wallahi ban ƙara komai ba. Inna ta ajiye muciya ta dafe ƙirji. Tun ranar zuciyarta ba ta koma daidai ba.

Abin haushi, darasin da nake bita ke nan don egzama a makarantar jinya. In mutum ya firgita, jiki yana sakin adrenalin cikin jini. Shi ma baƙo ne, ba ya shiga cikin ƙwayar halittar zuciya. A bangonta yake tsayawa, ya kama abin da ake ce wa récepteur. Daga ciki akwai protéine G zaune, riƙe da wani sinadari mai suna GDP. Da récepteur ya motsa sai ta saki GDP ta ɗauki GTP, ta je ta tayar da wani enzyme mai suna adénylate cyclase. Shi kuma ya yi ta ƙera sinadarin AMPc birjik, mai baza saƙon a ciki, zuciya ta hau bugu. Ranar da malaminmu ya zana wannan a allo dariya na yi, na ce ashe Radiyo tana da ƴan'uwa.

Sai dai ita protéine G ɗin ta fi ni hankali. In ta isar da saƙo, da kanta take mayar da GTP ɗin GDP, ta koma ta zauna shiru. Ka san abin da ke hana ta zama? Dafin kwalara. A hanji yake kama ta, enzyme ya yi ta aiki ba tsayawa, ruwa ya yi ta zuba har mutum ya bushe. Ina karanta shafin ina ganin fuskarka, a wurin da ruwan sha ma sai mota ta kawo. In kwalarar ce ta kama ka, Yaya, ka yi ta shan ruwan gishiri da sukari ko kana amai, ka nemi lokotoro. Kar ka tsaya nuna wa mutane jarumta yadda ka saba.

Ita Inna an ba ta ƙwayar da ke toshe récepteur ɗin, don adrenalin ya rasa wurin kamawa. Bugun ya ɗan lafa. Amma babu ƙwayar da ke toshe zaure. Ko mai tallan gishirin Teguidda ne ya yi sallama sai ta ɗago ta dube ni, ni kuma in tarar na riga na kai ƙofa ba takalmi. Na kasa zama, na kasa karatu. Jiya na ɗora shayi na manta da shi har butar ta ƙone. Ina jin haushinka, ina kuma kewarka, ban san wanne ya fi yawa ba.

Ba zinariya muke jira ba. Ka ari salular wani ka ce «ina nan». Iyakarta ke nan, sauran ka bar mini. Wannan karon da gangan zan kai mata goma.

Allah ya tsare ka a rami da wajen rami, ya ba Inna lafiya, ya sa sallamar da zan ji nan gaba muryarka ce.

Ƙanwarka,
Rakiya Radiyo